Yadda Ake Ganawa da Masanin Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Kiran Bidiyo: Jagora ga Hausawan Legas

Bahaushen da ya zo Legas neman halal yakan ɗauki kaya biyu a kai, wato neman abin da zai aika gida da kuma zaman baƙunta a garin da ba ya jiran kowa. Na zauna da masu sauke kwandunan tumatir a Mile 12, waɗanda suke tashi tun kafin kiran assalatu, na kuma san matan da aka kawo Agege daga Katsina ko Zariya, suka haihu babu uwa babu gwaggo a kusa da za ta karɓi jinjiri ko na awa ɗaya. Duk wanda ka tambaya cikinsu ya gida, zai ce maka "Alhamdulillahi", domin haka aka tarbiyyantar da mu, alhali kuwa wani ya yi wata biyu barci ya ƙaurace wa idonsa, wata kuma kuka take yi kullum ba ta san dalili ba.

Legas ba ta rasa asibiti ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba yana nan tun 1907, asibitin koyarwa na LUTH da ke maƙwabtaka da Hausawan Idi-Araba yana da sashen ƙwaƙwalwa, haka ma LASUTH na Ikeja. Abin da ke hana mutanenmu zuwa shi ne, mai shago a Alaba Rago idan ya nufi Yaba ya san gosulo zai cinye masa yini, ga kuma tsoron kada wani ya gan shi a ƙofar asibitin ya kai labari gida cewa wane ya taɓu. Amma babban shingen, a ganina, shi ne harshe. Mutumin da ya iya ciniki da Yarbanci ko Turancin buroka, ba lallai ne ya iya bayyana ƙuncin zuciyarsa da su ba. Kiran bidiyo yana rage waɗannan duka, domin kana zaune a Obalende za ka iya ganawa da ƙwararren da ke Kano ko Kaduna, wanda idan ka ce masa "raina a dagule yake" ba sai ka yi masa fassara ba. Bincike da dama ya nuna cewa a ciwon damuwa da na fargaba, ganawar bidiyo tana iya yin amfani kusan daidai da ta ido da ido, matuƙar an yi ta da ƙwararre kuma an yi mata shiri.

Mataki na farko: duba ko matsalar ta bidiyo ce

Alamomin da ya kamata su sa ka nemi taimako sanannu ne. Idan ka yi mako biyu ko fiye kana cikin ƙunci kusan kullum, abubuwan da suke faranta maka rai sun daina, barci ko cin abinci ya rikice, jiki ya mutu, kana ganin kanka ba ka da wani amfani, to wannan ya wuce gajiyar kasuwa. Haka nan idan zullumi ya hana ka sukuni, gabanka yana faɗuwa ba dalili, ko kuma wani abin tashin hankali da ka gani, kamar hatsarin mota ko harin ƴan bindiga a garinku, yana dawo maka a mafarki da farke. Saɓanin ma'aurata, raɗaɗin rashin wani naka, da ƙuncin da ke kama mace bayan haihuwa ya ƙi wucewa, duk ana iya fara magance su ta waya.

Akwai kuma yanayin da ba a tsayawa neman data. Wanda yake tunanin halaka kansa ko wani, wanda yake jin muryoyin da babu mai jin su, wanda ya yi kwanaki bai runtsa ba yana ta surutu da ɓarnar kuɗi, da mai jegon da hankalinta ya rikice har ba ta gane mutane ko take tsoron jinjirinta, dukansu asibiti za a kai su a ranar, kuma kada a bar su su kaɗai. A Legas ana kiran 112 ko 767 kyauta domin agajin gaggawa, akwai kuma shirin SURPIN na asibitin LUTH da aka kafa musamman domin masu tunanin kashe kai. Wanda ya daɗe yana shan tiramol, kodin ko ƙwayoyin barci shi ma ya fara ganin likita ido da ido, domin yanke wasu daga cikinsu farat ɗaya yana iya jawo jijjiga.

Mataki na biyu: san wanda kake nema

A nan mutane suka fi ruɗewa, domin duk wanda ya sa farar riga a hoto "dakta" muke ce masa. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a wannan fanni, shi ne mai ikon rubuta magani, kuma dole ne ya kasance da rajista da hukumar MDCN mai ba likitocin Nijeriya lasisi. Irinsu ba su da yawa, ƙungiyarsu ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Na biyu shi ne masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, wanda galibi yana da digiri na biyu a fannin, aikinsa jinya ta hanyar tattaunawa, ba ya rubuta ƙwaya. Sai mai ba da shawara da ya yi karatun hakan, wanda ya fi dacewa da matsalolin aure, karatu da rashi.

Shawarata ita ce, wanda damuwarsa ba ta hana shi fita nema ba ya fara da masanin halayya. Idan ya ga akwai buƙatar magani, shi da kansa zai tura ka wurin likita.

Mataki na uku: tantance shi kafin ka tura ko sisi

Hanya mafi aminci ita ce ka bi ta asibiti. Ka tambayi likitan da ka saba gani ya haɗa ka da wani, ko ka tuntuɓi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa ka ji ko suna ganin mutane ta bidiyo. Idan mai jin Hausa kake so, ka nemi bayani daga asibitin Malam Aminu Kano, ko na ABU da ke Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da kuma Maiduguri. Ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su MANI da She Writes Woman su ma sun daɗe suna haɗa jama'a da ƙwararru. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne masu tallar kansu a TikTok da Facebook, waɗanda ba su da komai sai daɗin baki da yawan mabiya. Wasunsu na gari ne, amma yawan mabiya ba shaidar karatu ba ce.

Kafin ka biya, ka aika wa ƙwararren saƙo ko ka nemi gajeren kira, ka yi waɗannan tambayoyi ba tare da jin nauyi ba: wane karatu ya yi kuma a ina, a wane asibiti ko cibiya yake aiki, mece ce lambar rajistarsa idan likita ne, ya taɓa duba masu irin matsalarka, minti nawa ne zama ɗaya kuma nawa ne kuɗinsa, me zai faru da kuɗinka idan netwok ya katse ko uzuri ya taso. Ƙwararre na gaskiya ba ya fushi da waɗannan, ya ma saba da su. Wanda ya fara kame-kame, ko ya yi maka alkawarin warkewa cikin mako guda, ko ya matsa sai ka biya kuɗin zama goma gaba ɗaya, ko ya ce ka sayi wani haɗin magani daga hannunsa, ka rabu da shi tun da girma da arziki. Ka biya kuɗin zama ɗaya tukuna, ka adana shaidar tiransifa, kuma idan kana da inshorar lafiya ta wurin aiki ko ta gwamnatin jihar Legas, wato Ilera Eko, ka tambaye su ko tana ɗaukar wannan.

Mace tana da cikakken haƙƙin ta ce mace take so ta gani. Wannan ba tsaurin kai ba ne, kuma ba a buƙatar ta ba da dalili.

Mataki na huɗu: wurin zama, waya da data

Wannan mataki shi ne wanda aka fi rainawa, kuma shi ne ya fi ɓata wa mutane ganawa a Legas. A asibiti, ofishin likita ne yake ba ka sirri. A bidiyo kuwa, kai ne za ka samar wa kanka, a garin da mutum shida suke kwana a ɗaki ɗaya, a gidajen haya masu ƙofa na kallon ƙofa, inda tarin maƙwabci ma ana jin sa ta bango.

Wani ƙanena da ke sayar da kayan masarufi ya yi zamansa na farko a cikin shago, yana ganin ai magana ce kawai. Cikin minti arba'in da biyar ya tashi sau huɗu ya sallami masu saye, kuma duk lokacin da aka zo kan abin da ke cin ransa sai ya sassauta murya ya ce "ba komai dai", saboda yaron shagonsa yana tsaye a bakin ƙofa. Kuɗin wannan zama sun tafi a banza. Mako na biyu sai ya roƙi wani abokinsa aron mota bayan sallar isha'i, ya zauna ciki a inda aka faka ta, ya ɗaga gilashi, ya kunna fitilar ciki. A nan ne ya fara faɗin maganar bashin da ya hana shi barci tun bayan gobarar da ta cinye masa kaya. Wata baiwar Allah a Agege kuma dabararta daban ce. Takan zaɓi ƙarfe huɗu da rabi, lokacin da yara suka tafi Islamiyya, maigida bai dawo ba, ta kunna rediyo ta ajiye a bakin ƙofa daga ciki domin ya rufe muryarta, ta jingina wayar da gwangwanin madara a kan tebur, ta zauna tana fuskantar taga.

Darussan da ke cikin waɗannan a fili suke. Ka zaɓi lokacin kafin ka zaɓi wurin, domin ɗakin da yake cike da safe yana iya zama wayam da hantsi. Ka sa iyafis a kunne, ko da mai arha ne, saboda aƙalla ba za a ji abin da ake faɗa maka ba. Haske ya kasance a gabanka, ba a bayanka ba, domin masanin yana karanta fuskarka kamar yadda yake sauraron kalamanka, kuma idan taga tana bayanka inuwa kawai zai gani. Kada ka riƙe wayar a hannu tsawon zaman, hannu zai gaji, hoton ya yi ta rawa. Kada kuma a yi ganawar ana tuƙi, ko a cikin danfo.

Batun wuta kowa ya san halin da ake ciki, saboda haka ka cika caji tun da wuri, ka ajiye fawa bank a kusa. Ka tanadi data kamar giga ɗaya domin zaman awa guda, sau da yawa ba za ta ƙare ba, amma gara ta yi saura da ta yanke ana tsakiyar magana. Ka gwada kiran bidiyo da wani naka a daidai wurin da za ka zauna kuma a daidai lokacin, domin layin da yake da ƙarfi a bakin titi yana iya mutuwa a ƙuryar ɗaki. Idan kana da layi biyu, misali MTN da Airtel, ka sa data kaɗan a na biyun. Galibi ana amfani da Zoom, Google Meet ko WhatsApp. Ka sauke manhajar kwana ɗaya kafin ranar, ka kuma sani cewa Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, sai an sake shiga. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa idan hoto ya tsaya, za ku kashe kyamara ku ci gaba da murya, idan ita ma ta ƙi, wane ne zai kira wani ta layin waya.

Abu na ƙarshe a nan shi ne wayar kanta. Idan yara suna wasa da ita ko kuna amfani da ita ku biyu, ka sa mata makulli, kada kuma ka adana lambar da sunan da zai jawo tambaya.

Mataki na biyar: zaman farko

Kafin lokacin ya yi, ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwa kaɗan, da boko ko da ajami: yaushe abin ya fara, me ya faru a lokacin, awa nawa kake barci, waɗanne magunguna kake sha, har da na gargajiya, da kuma abin da kake fatan ya canza. Mutane da yawa idan kyamara ta buɗe sai kansu ya ɗaure, takardar ce za ta cece su.

Zama yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya. Masanin zai fara da gabatar da kansa, ya yi maka bayanin sirri da iyakarsa. Abin da ka faɗa amana ne, ba zai kai wa matarka ko maigidanka na kasuwa ba, sai dai idan ya ga ranka ko ran wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi haƙƙin sirri da mutunci ga mai neman magani. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Saboda haka kana da damar ka tambaya ko ana naɗar ganawar, ka kuma ƙi amincewa idan ba ka so. Zai tambayi inda kake zaune da lambar wani naka na kusa. Kada wannan ya tsorata ka, tunda ba ku tare, dole ya san inda zai tura agaji idan wani abu ya taso.

Daga nan sai tambayoyi: iyali, sana'a, ƙuruciya, ko wani a danginku ya taɓa irin wannan. Wataƙila ya bi da kai ta wasu tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, waɗanda suke auna yadda ka kasance cikin mako biyun da suka wuce. Zai kuma tambaye ka kai tsaye ko ka taɓa tunanin gara ka mutu. Kowa ake yi wa wannan tambaya, ba don an zarge ka da raunin imani ba, kuma amsa ta gaskiya ita ce take ba shi damar taimakonka.

A nan ne tarbiyyarmu takan zame mana cikas. An koya mana kara da kawaici, an koya mana cewa namiji ba ya kuka, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Waɗannan halaye ne masu kyau a zaman jama'a, amma a gaban mai magani illa suke yi, domin mai ɓoye ciwonsa shi yake ɓoye maganinsa. Idan maganar ta yi maka nauyi, ka faɗi hakan ma, ka ce "Likita, akwai abin da nake so in faɗa amma bakina ya yi nauyi." Ya san yadda zai bi da kai daga nan. Idan hawaye suka zo, ka bar su, kada ka kashe kyamara. Idan ana shan wani abu, a faɗa, shi ba ɗan sanda ba ne. Kuma ka yi amfani da kalmominka na gida, kamar "ƙirjina ya yi nauyi" ko "kaina yana ɗaukar zafi", ba sai ka nemo sunan cuta daga intanet ba.

Kada ka tashi sai ka ji amsar abubuwa uku: me yake ganin yana damunka, wace hanya za ku bi, kuma kamar zama nawa za a yi. Zai iya cewa ka je a gwada jininka, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kawo kasala da faɗuwar gaba masu kama da ciwon damuwa.

Mataki na shida: abin da ke biyo baya

Yawanci ana ganawa sau ɗaya a mako. Hanyar da aka fi bi, wadda ake kira CBT, tana koya wa mutum ya kama tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci, ya auna shi da hujja, sannan ya sauya abin da yake yi a aikace, kuma takan ɗauki zama shida zuwa ashirin gwargwadon matsala. Za a riƙa ba ka aikin gida, kamar rubuta lokacin da gabanka ya faɗi da abin da ka tuna a lokacin, ko tafiyar minti ashirin da yamma, ko komawa majalisar da ka ƙaurace wa. Rabin maganin yana cikin wannan aiki. Bayan kowane zama ka ba kanka ko minti goma kafin ka koma hayaniya, kuma kada ka yi mamaki idan ka ji jikinka ya mutu bayan zaman farko ko na biyu, tono abin da aka daɗe da binnewa yana da gajiya.

Idan likita ya rubuta magani, ka saya a kantin magani mai rajista, ba a hannun masu talla a tasha ba. Magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a fara jin amfaninsu, kuma ba a daina su rana ɗaya don an ji sauƙi. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa tun kafin a rubuta. Idan azumi ya gabato, a tambayi likita yadda za a sauya lokacin sha.

Za a samu mai ce maka wannan aikin aljanu ne ko sammu, ko ya ce addu'a ta isa. Ba na ganin akwai karo tsakanin addu'a da magani, tunda hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma babu wanda yake hana mai hawan jini shan ƙwayarsa don yana azkar. Ka ci gaba da ibadarka, ka gaya wa masanin matsayin addini a rayuwarka domin ya yi aiki da shi. Wanda ya raina imaninka bai dace da kai ba, haka ma duk wanda ya ce ka zubar da maganin asibiti.

Matar aure takan tambaya ko ta gaya wa mijinta. Inda babu tsoron cutarwa, na fi son ya sani, domin ɓoye kiran bidiyo na mako-mako a ɗaki ɗaya yana iya haifar da zargin da ya fi ciwon muni. Ana iya farawa da abin da yake gani da idonsa: "Baban Amira, ka ga yadda ba na barci tun da na haihu, ina so in yi magana da likita mace ta waya, in ka yarda ma ka zauna ku gaisa a farkon." Maza da yawa suna saukowa idan suka ga fuskar likitar suka ji bayani daga bakinta. Inda kuwa mijin ne tushen tsoron, to wannan shi ne abu na farko da za a gaya wa masaniyar, ita za ta taimaka a tsara yadda za a yi cikin aminci.

Bayan zama huɗu ko biyar, ka tsaya ka duba takardar da ka rubuta ranar farko. Ba a sa ran ka warke, amma ya kamata ka ga wani abu ya motsa, ko barci ya ɗan daidaita, ko ka fara gane abin da ke tayar maka da hankali. Idan babu, ka faɗa masa a fili, wataƙila a sauya hanya ko a haɗa da likita. Idan kuma ka lura ba ya sauraronka, yana yawan makara, yana amsa wata waya kana magana, ko ya fara yi maka zancen da ya fita daga aikinsa, ka nemi wani, kuma ka roƙi a rubuta maka taƙaitaccen bayanin inda aka kwana domin ka miƙa wa sabon, kada ka koma ba da labari tun daga farko.